Motar da aka rage wa kaya aka ƙara wa kuɗi: zare kan Integra Type R

1/ A 1995 Honda ta ɗauki wata ƙaramar motarta mai ƙofa biyu, ta cire mata esi, ta cire rediyo, ta rage abin tare ƙara da ke ƙasan kafet, har gilashin gaba sai da ta rage masa kauri. Sannan ta ƙara mata kuɗi. Kuma mutane suka saya. Sunanta Integra Type R. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo 🧵

2/ Ka gwada wannan a wajen dillalan mota na garin nan ka gani. "Alhaji, wannan ba esi, ba rediyo, amma ta fi waccan tsada." Wallahi ko sallama ba zai yi maka ba zai juya. Mu da tambayarmu ta farko "esi na yi?", ta biyu "ful ofshin ce?"

3/ Ni ɗalibin injiniyan kanikanci ne, ajin ƙarshe. Ban taɓa ganin motar nan ido da ido ba, a YouTube na san ta, da datar dare. Amma ita ce ta sa yau sati uku muna kai ruwa rana da malamin da ke duba aikina na kammala karatu. Zan zo kan wannan. Bari mu fara da motar.

4/ Mun san Honda a ƙasar nan, har sunaye muka raɗa musu: Hala, Bulldog, End of Discussion, Discussion Continues. Duk Accord ne, motocin iyali da zuwa ɗaurin aure. Integra ƙanwarsu ce, ta fi kusa da Civic a jini. A Amurka da sunan Acura aka sayar da ita. Wadda nake magana a kai lambarta DC2.

5/ Injinta B18C ne, lita 1.8, silinda huɗu, babu turbo. Na Japan yana ba da ƙarfin doki 200. Wani zai ce to sai me, ai EOD mai V6 tana da 240. Gaskiya ne. Amma EOD ɗin ta kai kilo 1,500, ita kuwa wannan wajen 1,060 ce. Raba ka gani: doki 160 a kowane tan, ita kuma kusan 190.

6/ Ga wanda ya fi ba ni mamaki. Doki 200 daga lita 1.8 ya kama doki 111 a kowace lita. Ferrari F355 ta lokacin, wadda kuɗinta zai sayi irin wannan da yawa, 109 take bayarwa. Daga kamfanin da ke ƙera janareto da babur fa.

7/ Ta yaya? Juyi. Jan layin agogonta yana kan 8,400 a minti. Motar gidanku da wuya ta wuce 3,000 a tafiyar yau da kullum, in ta kai 5,000 Baba zai leƙo ya ce wa ke son kashe masa mota.

8/ Na zauna na buga lissafin, don lamba a takarda ba ta shiga jiki. 8,400 a minti juyi 140 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 70 kafin ka gama cewa "ɗaya". Fistin yana hawa da sauka milimita 87.2, wato yana cin wajen mita 24 a daƙiƙa, kuma sau 280 yake tsayawa cak ya juya. A motar da aka sayar wa kowa da garanti.

9/ A irin wannan gudun matsalar inji numfashi ce. Fetur mai sauƙi ne, ka ƙara feshi kawai. Iska ce ke wahalar shiga, don ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. Kamar a ce ka sha kunu da tsinken shan lemo kana gudu.

10/ Nan VTEC ya shigo, rubutun nan da kuke gani a kan injin Honda. A jikin kamshaf akwai tozo-tozo da ke danna bawul. Ƙaramin tozo yana da daɗi a cikin gari, ba ya shan mai, amma a sama sai inji ya shaƙe. Babban tozo a sama ya fi kowa, a ƙasa kuma mota ta dinga kakkarwa kamar mai masassara. Da can dole ka zaɓi ɗaya.

11/ Honda ta sa duka biyun. Kowane bawul biyu suna da tozo uku: ƙanana biyu a gefe, babba a tsakiya yana ta juyinsa ba ya taɓa komai. Da inji ya doshi juyi 6,000 sai kwamfuta ta saki baƙin mai da ƙarfi, ya tura wata 'yar sakata ta kulle rokoki ukun su zama ɗaya. Daga nan babban tozo ke mulki.

12/ Shi ne canjin muryar da ake ji a bidiyo, kamar an taka wa mage jela. Kuma a Integra aka fara sa VTEC ɗin ma, 1989, a injin B16A mai lita 1.6 da doki 160. Ku riƙe sunan B16A, zan dawo masa.

13/ To ga inda motar ta kama ni. Ko ƙofa ta buɗe sosai, sai hanyar da iska ke bi ta yi kyau. Kan inji, wanda kanikawa ke ce wa tof, zuba shi ake yi a narke, kamar yadda ake zuba tukunyar dalma. In ya huce akwai ɗan kaushi da ɗan gefe-gefe a cikin ramukan, musamman daf da mazaunin bawul. A motar kai yara makaranta ba wanda ya damu.

14/ A Type R ta farko mutane aka zaunar a masana'antar Suzuka, ƙwararru, suna goge ramukan nan da hannu. Rami bayan rami, inji bayan inji. Kamfani mai robobi da layin ƙera dubban motoci ya tsaya jiran yatsun mutum.

15/ Ranar da na karanta wannan Kawu na tuna.

16/ Kawuna, ƙanen Umma, bakanike ne, ya fi shekara talatin a ƙarƙashin mota. A garejinsa na yi SIWES wata shida. Sa'o'ina suna neman kamfanoni masu esi inda za su sa hannu a littafi su koma gida, ni na je inda babu inuwa sai ta darbejiya ɗaya. Umma ba ta so ba. "Karatun shekara biyar ka ƙare a inda kawunka ya fara ba tare da ya shiga aji ba?"

17/ Mutumin nan yana ɗora dogon sukundireba a kan inji, ya sa kunne a mariƙin, ya ce maka metal na uku ne ya ci. A kwance a ga na ukun ne. Yana shafa silinda da farce ya san ko za ta ɗauki ringi ko sai an kai ta boring. Ni da na ci jarrabawar tamodainamiks ina tsaye riƙe da faranti na wanke noti da fetur.

18/ "Injiniya, miƙo min sha biyu." Haka yake kira na, yara suna dariya. Ni ma ina dariya, amma ina jin ta har ƙashi.

19/ Sai dai kuma a garejin nan, kamar kusan ko'ina, duk motar da ta shigo 'yar Kwatano abin da ake fara yi mata shi ne a zare tamostat a jefar, a haɗa fanka dairek. Na ce Kawu, me ya sa? Ya ce "Wannan na ƙasar sanyi ne. Mu nan rana ta ishe mu."

20/ Na ce Kawu, ka yi haƙuri, ai injin akwai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. In ya daɗe bai kai ba kwamfuta za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai, ga ci a hankali. Shi VTEC ɗin ma ba ya buɗewa sai kwamfuta ta ga ruwa ya yi zafi kuma baƙin mai na da ƙarfi. Ya dube ni ya ce "To nuna min."

21/ Da me zan nuna masa? Littafi? Shi yana da motoci ɗaruruwa da suka bar garejinsa ba su dawo da zafi ba. Man da suka ƙara sha ba wanda ya auna, cin da injin ya yi sai bayan shekaru, lokacin an sayar wa wani. Hujjarsa tana tafiya a titi, tawa tana cikin handawut.

22/ Kun ga mu ma gwanayen cire-cire ne. Tamostat, indomin salansa, duk wayar da ba a gane aikinta ba. Honda ma cirewa ta yi. Amma su kafin su cire sai da suka ƙara: ƙarin walda a bodi, ƙarfe mai kauri a inda shokazoba ta baya ke zama, sanduna masu ɗaure gefe da gefe. Nauyin da wannan ya kawo shi suka bi suna ragewa a gilashi da kafet. Kowane kilo an san inda ya tafi da abin da ya saya.

23/ Wani abin da suka ƙara, LSD. Kun san in mota ta kafe a taɓo da damina, taya ɗaya na ta wulwulawa a banza ɗayar tana tsaye tana kallo? Haka ke faruwa a kwana in an taka wuta, tayar ciki ta yi sauƙi ta zame. LSD yana karkata ƙarfin zuwa tayar da ta riƙe ƙasa. Shi ya sa mota mai jan gaba take shan kwana kamar an ɗaura mata igiya ana ja daga ciki.

24/ Mujallar Evo ta Ingila ta taɓa zaɓen ta a matsayin wadda ta fi kowace mota mai jan gaba daɗin tuƙi. Ni ban tuƙa ba, don haka ba zan yi muku rantsuwa ba. Ku nemi tsofaffin bidiyon Best Motoring a filin Tsukuba, ku kalli ƙafafun direban kawai, yadda yake taka birki da totur lokaci ɗaya da ƙafa guda.

25/ Af, kafin 'yan wasan mota na ranar kai amarya su fara min tafi: a filin tsere ake wannan, da hular kwano, ba kowa a gaba. Na Japan ɗin ma an ɗaure su a kilomita 180. Abin da kuke yi a titin unguwa tsakanin yara da masu awara ganganci ne, kuma mun sha zuwa jana'iza.

26/ Farin fentinta da jan tambarin H ma da tarihinsu. Launin motar Honda ce ta Formula 1, RA272, wadda Richie Ginther ya ci tseren Meziko da ita a 1965, nasararsu ta farko. An fara sa sunan Type R a kan NSX a 1992, mai tsadar gaske. Integra ce ta sauko da shi inda ma'aikaci zai iya tara kuɗi ya saya.

27/ Shi mai kamfanin, Soichiro Honda, bai ga ko ɗaya ba, ya rasu a 1991. Amma ku ji labarinsa. Ɗan maƙeri ne mai gyaran keke. Yana shekara 15 ya tafi Tokyo ya zama yaron gareji a wani wuri mai suna Art Shokai. Watannin farko ko sifana ba a ba shi ba, raino aka sa shi na ɗan maigida. Duk wanda ya taɓa sayo wa oga shinkafa da wake ya gane.

28/ Ya ƙware, ya buɗe nasa garejin a Hamamatsu, ya yi suna. Sai ya ce zai ƙera ringin fistin ya sayar wa Toyota. Cikin 50 da aka gwada uku kacal suka tsallake. Hannun da ya iya gyara komai ya kasa gane abin da ke cikin narkakken ƙarfe.

29/ Sai ya koma aji. Babban mutum mai gareji da yara, ya je makarantar fasaha ta Hamamatsu yana zama da ƙannensa don ya koyi ilimin ƙarfe. Bai ma tsaya karɓar takardar shaida ba, abin da ya kai shi ya ɗauka ya fita. Ringin ya gyaru.

30/ Na ba Kawu labarin nan muna cin gyaɗa bayan La'asar. Ya yi shiru, can ya ce "To shi ya samu makarantar da za ta nuna masa." Ban ce komai ba, don na san ɗakin gwajinmu. Akwai injin gwaji a ciki lulluɓe da tamfol tun ina aji ɗaya. Zana shi muke yi a littafi, mu kwafi lambobin 'yan shekarun baya, a ba mu maki.

31/ Shi ya sa da aka ce kowa ya kawo batun furojek na rubuta cewa zan haɗa tebirin auna iska, abin da ake gwada tof da shi a ga yawan iskar da kowane rami ke wucewa da ita. Ba wani tsafi ba ne. Akwatin katako da ba ya yoyo, motocin injin shara masu zuƙa, faranti mai huda da aka san faɗinta, da siririn tiyo mai ruwa a lanƙwashe a jikin rula.

32/ Ka ɗora tof a sama, ka buɗe bawul milimita ɗaya, ka kunna, ka daidaita zuƙar har ruwan ya tsaya a inci 28, wanda shi ne ma'aunin da aka fi amfani da shi, ka rubuta. Ka ƙara milimita ɗaya, ka sake. Sannan a goge ramin a maimaita. Lambar da kanta za ta faɗi ko an gyara ko an ɓata.

33/ Don ana ɓatawa. Mutane na ɗauka in rami ya yi faɗi yana ƙyalli kamar madubi shi ke nan. In ka ci ƙarfe da yawa iska ta rage sauri, mota ta mutu a ƙasa. Wani wurin ɗan gefe kawai za a kwantar, wani wurin ko taɓawa ba a yi. Waɗancan na Suzuka an riga an auna musu inda za su taɓa kafin a miƙa musu.

34/ Shirina, ni in auna, Kawu ya goge. Rami huɗu na shigar iska: ɗaya a bar shi yadda ya zo, ɗaya ya yi yadda hannunsa ya ga dama ban ce masa komai ba, ɗaya yadda lissafi ya nuna, na huɗu mu haɗu a kai. Gaskiya ina son in ga na biyun nan fiye da sauran. Zuciyata na ce min zai ba littafi kunya.

35/ Malam ya karanta ya ture takardar. "Wa zai yi maka wannan? Ka yi injin ɓarar gyaɗa ko na niƙa kamar kowa, ka gama lafiya." Na ce Malam, ai an yi su da yawa, suna nan jibge a bayan wokshop suna tsatsa. Ya ce shi ya sa ya san za a gama.

36/ Ba na ganin baƙinsa sosai. Ya ga ɗalibai da yawa sun ɗauko babban abu sun maƙale, shekara ta tafi. Ni ma in na maƙale ƙarin shekara ce, ƙarin rajista, kuma Umma ce ke biya da kuɗin ɗinki. Ga 'yan ajinmu da tuni sun biya mai walda ya haɗa musu nasu, saura rubutu. Ina lissafa wannan kowane dare.

37/ Jiya dai ya ɗan sassauta. Ya ce in na kawo masa tof ɗin a hannu da jerin kuɗin kaya kafin ƙarshen wata zai sa hannu, in ban kawo ba gyaɗa.

38/ Masu tambaya ko za a iya shigo da ita: da wuya. Na Japan sitiyarin dama ne, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, doka ba ta yarda da irinsu ba. Akwai masu sitiyarin hagu na Turai da Amurka, amma an daina ƙera DC2 tun 2001, ta wuce shekarun da kwastam ke bari. A Amurka kuma ba su kai 4,000 da aka sayar ba, ɓarayi sun ci rabonsu, masu tsafta da suka rage an sayar da wata sama da dala 100,000 a gwanjo.

39/ Ko an ba ni kyauta ma, fetur mai ƙarfi take so wanda ba shi muke sha ba, kuma tudun rage gudu na farko a layinmu zai raba ta da bamba. Ga watan Afrilu ba esi. A'a, a bar ta a Tsukuba.

40/ Na ce ku riƙe B16A. Tof ɗin Type R daga na B16A aka samo shi, shi aka ɗauka aka yi wa waccan gugar. B16A kuma ya zo a Civic VTi na Turai, ƙirar shekarun 1990, masu sitiyarin hagu. Shi nake nema, wanda ba a taɓa ba.

41/ Na zaga Ƙofar Ruwa sau biyu. D15 da D16 ga su nan kamar ƙasa, wani ma ya rantse min nasa B16 ne alhali kamshaf ɗaya ne a kai. Wanda nake so kamshaf biyu gare shi, DOHC VTEC a rubuce a murfin. Ba sai mai lafiya ba, ko ya tsage ko ya lanƙwashe ba komai, ba tayar da shi zan yi ba. Ramukan da bawul ɗin kawai su kasance lafiya.

42/ In B16A ya gagara zan karɓi duk wani tof mai bawul 16 na Honda, aikin zai yiwu. Kawu ya riga ya ware min kwana a gareji, har ya sa an yanko katakon, wai kar in zo in ce masa ba wuri.

43/ 'Yan Panteka a Kaduna, 'yan Ladipo, 'yan gwangwan, duk wanda ya san inda yake kwance ya yi min DM da hoto da farashi, farashin ɗalibi don Allah. Ina kuma neman motocin injin shara guda huɗu, ko tsofaffi ne in dai suna juyawa. Saura kwana 19. A taimaka da RT 🙏